Kwanakina da Gilashin Roba

Asabar

Ayyuka uku ne a gabana, duk na cikin gida. Gilashin ƙofar kabad ɗin kicin ya fashe tun kafin sallah, uwargida ta ce kada a sake sa mata na kwalba tunda hannun yara ya fara kaiwa wurin. Sai jinjirin wata da taurari da na yi alkawarin liƙawa a bangon ɗakin yaran. Na ukun son raina ne: Dagin Arewa mai haske da zan ajiye a falo. Dukkansu da gilashin roba nake son yi, wanda masu allon talla ke kira Perspex ko akirilik.

Da hantsi na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da kayan allon talla. Cikakken falle ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Mai kaurin milimita 3 bai cika kilo 11 ba, alhali gilashin kwalba mai wannan girma da kauri ya haura kilo 22. Ban bukaci cikakke ba. Na sa aka yanko mini rabin garai-garai mai milimita 3, da ɗan yanki ruwan ɗorawa don watan, da guntu mai milimita 5 don dagin. Sannan na roƙi tarkacen da suka rage daga yankan wasu, don a kansu zan riƙa gwaji kafin in taɓa na kuɗi.

Mai shagon ya tambaye ni, "Yallaɓai, yanka za ka yi kawai ko har da zane?" Tambayar tana da tushe. Akirilik iri biyu ne. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwan robar tsakanin gilasai biyu a bar shi ya daskare. Akwai kuma wanda inji ke narkawa ya matso shi falle-falle. Na injin ya fi arha, kaurinsa kuma daidai yake ko'ina, amma ya fi saurin narkewa a bakin zarto. Na zubin ya fi tsada, kaurinsa kan ɗan bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, sai dai ya fi jure aiki, kuma idan aka yi zane a kansa sai zanen ya fito fari tas. Don haka na dagin na zubi na ɗauka.

A ido ba za ka raba su ba, kuma ba su kaɗai ba ne a kasuwa. Akwai polistirin mai arha da saurin fashewa, akwai polikabonet da ake rufin runfa da shi, akwai PVC. Duk wanda bai sani ba zai ce masu gilashin roba. Na sa mai shagon ya rubuta mini sunan abin da ya ba ni a jikin rasit. Ya yi dariya, amma ya rubuta.

Lahadi

Yau na kabad na yi, don shi ne mafi sauƙi: layi huɗu miƙaƙƙu. Ba a bukatar wuta, ba a bukatar zarto. Wuƙa ce mai baki kamar ƙugiya, da rula ta ƙarfe, da abin matsewa guda biyu da na aro wajen kafintan layinmu.

Takardar da ke manne a jikin fallen ban ɓare ta ba, kuma ba zan ɓare ba sai an gama komai. A kanta ake awo da fensir, ita ce kuma ke kare fuskar robar daga ƙarzuwa. Na matse rular a kan layin, na ɗora ƙugiyar a can nesa na jawo ta zuwa gabana. Jan farko a hankali ake yinsa, don shi ke shata hanya. Sauran kuma da ɗan nauyin hannu, kowane ja yana taso da siririn zaren roba yana nannaɗewa. Idan ba ka ga zaren nan ba, to shafa kawai kake yi. Da kwarin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin, sai na jawo fallen har layin ya zo daidai bakin tebur, kwarin yana kallon sama, na danne na kan tebur da katako, na danna na waje da ƙarfi lokaci guda. Ƙas! Ya rabu a miƙe.

Na gwada a tarkace don in ga iyakar dabarar. Idan kwarin bai kai ƙarshen fallen ba, karayar takan bi layin har kusa da ƙarshe sannan ta kauce ta yi inda ta ga dama. Siririn yanki da bai kai faɗin yatsu biyu ba ba ya karyuwa da kyau, don babu abin kamawa. Mai milimita 5 kuwa sai da na ƙara zurfin kwarin sosai, kuma ina ganin daga nan dabarar ta fara ƙarewa. Lanƙwasa ko kusurwar ciki ba a ma maganarsu.

Na rage milimita 2 a tsawo da faɗi a kan abin da na auna a jikin ƙofar. Kafinta ya leƙo ya ce, "Malam, ai zai yi lako-lako." Na ce masa da gangan ne, ya bari sai ranar sawa.

Litinin

Ranar aiki ce, kuma da na dawo na tarar an ɗauke wuta. Ban taɓa komai ba, sai karatu a waya.

Ashe abin ya tsufa. A 1933 kamfanin Röhm da Haas na garin Darmstadt a Jamus ya fito da shi da sunan Plexiglas. Kusan lokaci guda kamfanin ICI na Ingila ya fito da nasa da sunan Perspex, wanda shi ne sunan da ya biyo mu har nan. A Amurka kuma DuPont ya kira nasa Lucite. Duk abu ɗaya ne, masana na taƙaita sunansa da PMMA. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗaukaka shi, da aka riƙa yin murfin mazaunin matuƙan jiragen yaƙi da shi, saboda rashin nauyi da kuma haske: kashi 92 cikin ɗari na hasken da ya faɗa masa yana ratsa shi.

Labarin da ya fi kama ni na wani likitan ido ne ɗan Ingila, Harold Ridley, wanda ya taɓa aiki a Ghana lokacin yaƙin yana nazarin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Ya lura cewa matuƙan jirgin da ɓarɓashin Perspex ya shiga idonsu, idon ba ya ƙin robar yadda yake ƙin sauran baƙin abubuwa. Daga nan ya yi tunanin a ƙera ƙwayar gani da ita. A 1949, a asibitin St Thomas da ke Landan, ya fara sa wa mai yanar ido irin wannan ƙwaya. Har gobe ana amfani da ta PMMA a aikin yanar ido a ƙasashe irin namu, saboda arharta. Wato mai yiwuwa ne tsohuwar da aka yi wa aikin ido a unguwarku da ɗan'uwan gilashin kabad ɗina take kallon jikokinta.

Talata

Huda. Kafin in yanka tauraro dole in huda shi, domin akirilik ba ya son kusurwa mai tsini a ciki. Duk inda layi biyu suka haɗu suka yi lungu mai kaifi, nan tsaguwa ke farawa, ko ba yau ba. Maganin shi ne a huda ɗan rami a kowane lungu, a bar zarto ya zo ya tarar da ramin, sai lungun ya zama mai ɗan zagaye.

Bakin diril na ƙarfe da muka saba da shi an yi shi ne ya ciji abu ya ja kansa ciki. A katako wannan alheri ne. A tarkacen da na gwada, daf da zai ɓulla sai ya fizgo robar sama ya tsaga ta. Kafinta ya karɓi bakin, ya ɗan goga kaifinsa biyu a dutsen wasa wuƙa har suka yi ɗan fale-fale, ya ce, "Yanzu kankara zai yi, ba cizo ba." Haka kuwa aka yi. Na shimfiɗa filawud a ƙasa, na matse fallen a kai, na fara da ƙaramin baki sannan na bi da babba, ina sassauta hannu idan ya kusa fita. Ɓurɓushin ya riƙa fitowa dogo-dogo a nannaɗe. Da na ƙara gudu don in gani, sai ya koma dunƙule-dunƙule yana manne wa bakin, alamar zafi ya yi yawa.

Ramukan rataya kuwa na yi su sun ɗan fi sukurun faɗi, kuma na nisanta su daga gefe da ninki biyu na faɗin ramin ko fiye.

Laraba

Yau ce ranar da na fahimci robar nan. Tun jiya na manna hoton wata da taurari a kan takardar fallen ruwan ɗorawa. Yau na sa tabarau, na ɗauko zarton inji na hannu, wanda kafintoci ke cewa jigso, na sa masa baki mai ƙananan haƙora irin na yankan ƙarfe.

A tarkace na fara. Da cikakken gudu zarton ya shige kamar ba komai, amma da na waiwaya sai na ga hanyar da ya bi ta sake haɗewa a bayansa. Robar ta narke ta yi danƙo kamar alewa a rana, ta cike tsagar ta daskare. An yanka, amma ba a yanka ba. Dalili shi ne akirilik ba ya watsa zafi. Ƙarfe idan ya ɗauki zafi a wuri ɗaya yakan rarraba shi a jikinsa, wannan kuwa a inda zafin ya sauka nan yake zama, kuma daga wajen digiri 105 a ma'aunin Salshiyas ya fara laushi. Gogar bakin zarto ba ta jimawa take kai shi can.

Mutum zai ɗauka maganin shi ne ya yi ta tafiya a hankali. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Idan ka rage tura zarton gaba alhali bakin yana ta kai da komo da gudu, haƙoran sun daina ci sun koma guga, zafin ma ya fi yawa. Abin da ya yi mini shi ne rage gudun injin zuwa tsaka-tsaki, da kashe maɓallin nan da ke sa bakin ya riƙa zabura gaba, sannan in riƙa turawa ba tsayawa, yadda kowane haƙori zai ɗebo ɗan ɓurɓushi ya fita da zafin tare da shi. Ɗana na fari ya tsaya da gorar fesa ruwa yana ɗan fesawa a gaban bakin, nesa da jikin injin. "Abba, in ƙara?" Na ce ɗigo-ɗigo ya isa.

Abu na biyu shi ne karkarwa. Idan fallen yana lilo a iska, zarton kan ɗaga shi ya buga, sai tsaguwa ta fita gefe. Na matse shi a kan filawud na yanke su tare, karkarwar ta tafi.

Gefen watan na waje ya fita lafiya, lanƙwasarsa mai faɗi ce. Cikinsa ya fi wuya, musamman wajen ƙahonnin biyu inda robar ta sirance. Nan na ajiye injin na koma ƙaramin zarton hannu mai siririn baki. Ya ci lokaci, amma hannu ba ya gudun da zai narkar da komai. Taurarin ma da shi na yi, daga tsini zuwa ramin da na huda jiya. A wajen layi na riƙa bi, na bar kamar milimita ɗaya da magagari zai cinye.

Da magariba na ɗauko hoton Dagin Arewa na ƙura masa ido, na ƙirga lungunansa da ramukan da ke tsakanin saƙar. Na mayar da shi aljihu. Wannan ba aikin zartona ba ne.

Alhamis

Na kai guntun mai milimita 5 wajen masu yanka da leza. Yaron shagon ya buɗe manhajar CorelDraw ya sake zana dagin, don injin ba hoto yake bi ba, layi yake bi. Ya ce, "Oga, a yanke saƙar ko a zana ta?" Muka tsaya a kan a yanke kewayen waje, a zana saƙar a jiki, a bar ɗan harshe a ƙasa da zai shiga gindin katako. Ya juya zanen hagu da dama, domin a bayan fallen ake zanawa a kalle shi ta gaba.

Kafin ya kunna sai da ya nemi sanin mene ne fallen, na nuna masa rasit. Ya yi daidai da ya tambaya. Idan leza ta ƙona PVC, iska mai kulorin ce ke tashi, tana cutar da huhu, tana kuma cinye ƙarafan injin. Polikabonet kuma ba ya yankuwa da kyau, bakinsa ƙonewa yake ya yi rawaya. Akirilik ne abincin injin. Lezar da suke amfani da ita irin ta iskar CO2 ce, haskenta ido ba ya ganinsa, kuma robar da hasken rana ke ratsawa shi ba ya ratsa ta, shanye shi take. Shi ya sa ƙananan injinan leza masu shuɗin haske da ake tallarsu a intanet ba sa yanka garai-garai: haskensu wucewa yake kamar ba komai a wurin. Wanda ke shirin saye don wannan aiki ya san da haka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, zafin da ya hana ni sakat jiya shi ne wuƙar yau. An tara shi ne a ɗigo ɗaya, yana mai da robar tururi kafin na kusa da ita ya ji ɗumi sosai. Tsagar da yake bari ba ta kai rabin milimita ba, kuma bakin yana fitowa sumul yana ƙyalli, ba sai an goge ba. Wari ne dai mai hawa kai, duk da bututun da ke fitar da hayaƙin waje. Yaron bai matsa daga gaban injin ba har aka gama. Ya ce robar tana kama wuta, ba a barinta ita kaɗai.

Kafin shayin da aka kawo mini ya huce an gama. Na tuna wunin da na yi jiya a kan wata ɗaya da 'yan taurari, na yi shiru.

Juma'a

Bayan masallaci na zauna gyaran bakin wata da taurari. Magagari tukuna har zuwa layi, sannan samfefa mai lamba 120, sai 220, sai 400 da 600 da ruwa. Tsallake lamba ba ya rage aiki, don ƙarzuwar ta farko tana nan tana jiranka a ƙarshe. Na ƙarasa da man goge mota da tsumma mai laushi.

Wasu kan bi bakin da harshen wuta don ya yi ƙyalli nan take. Yana yi, amma yana barin robar a ɗaure a ciki, ranar da gam ko sifirit ya taɓa wurin sai ƙananan tsage-tsage su bayyana. Ban yi ba.

Asabar

Uwargida ta ga tarkace sun rage ta ce, "Maigida, ba za a samu abin jingina waya a ciki ba? Kullum sai ta faɗa mini a gari." Sai aikin ya zama huɗu.

Lanƙwasawa wajen digiri 150 zuwa 160 take so. Na ɓare takardar a inda zan lanƙwasa, na rufe hagu da dama da katako biyu na bar tsaga kamar faɗin yatsa, na riƙa kai da komo da bindigar zafi irin ta masu gyaran waya, ina juya fallen don zafin ya shiga ta fuska biyu. Ba a tilasta masa. Idan ya yi, da kansa yake sunkuyawa. Na kwantar da shi a jikin katakon da na yanka a kusurwar da nake so, na riƙe har ya huce. A wani guntu na tsayar da bindigar wuri ɗaya don in ga ƙarshen abin: kumfa ta taso a cikin robar, kuma ba ta komawa. Tandar da ake gasa abinci da murhun gas kuwa ban kusance su ba, ban kuma ba kowa shawarar haka ba.

Saura tokarin baya. Gam ɗin akirilik na gaskiya ruwa ne tsararo da ke narkar da fuskokin biyu su zama abu ɗaya. Masu allon talla kan yi amfani da kulorofom, na kanti kuma galibi dikuloromitan ne a ciki. Ana haɗa gaɓar a bushe, a ɗiga ruwan da sirinji a bakinta, sai ka ga ya shige da kansa ya bi layin. Sharaɗin shi ne fuskokin su zauna daram, don ba ya cike giɓi. Dikuloromitan a wajen digiri 40 yake tafasa, wato a bazarar Kano kwalbar da aka bari a buɗe ba za ta daɗe ba, kuma abin da ya tashi hancinka zai shiga. Ba abin wasa ba ne: a 2024 Amurka ta hana sayar da shi don amfanin gida. A tsakar gida na yi aikin, iska na kaɗawa, yara suna ɗaki. Sufa gulu yana kamawa, amma yana barin farin hazo a kewayen gaɓar, na gani a gwaji.

Lahadi

Na ɓare takardu. Nan take ƙurar hunturu ta taso ta manne, domin ɓarewar tana tara wa robar irin lantarkin nan da ke sa riga tartsatsi a lokacin sanyi, busasshiyar iska kuma tana ƙara shi. Hannu ya so ya kai ga busasshen tsumma, na hana shi. Ƙurar nan yashi ce, akirilik kuma ya fi gilashin kwalba saurin ƙarzuwa nesa ba kusa ba. Ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke da tsumma mai laushi, shi ke nan. Na gaya wa mutan gidan kada sifirit ko sanitaiza ko fetur ko tina ko ruwan goge gilashi ya taɓa shi.

Kafinta ya zo sa na kabad, na biya shi bashin bayanin da na ɗauka. Kowace mita ɗaya ta akirilik tana ƙaruwa da kusan milimita 0.07 a duk digiri ɗaya na zafi, kusan ninki takwas na gilashin kwalba. Tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin watan Afrilu a garin nan ana samun tazarar digiri 30. Falle mai santimita 60 zai ƙaru da fiye da milimita ɗaya, balle a kicin. Idan an matse shi yau, da bazara zai bankare ko ya tsage ta wajen ƙusa. Ya gyaɗa kai, ya riƙe shi da siraran katako ta baya, bai buga ƙusa a jikinsa ba.

Wata da taurari sun hau bango. Dagin kuma na zura harshensa a tsagar gindin katako inda na shimfiɗa ƙananan fitilun LED. Hasken yana shiga ta bakin fallen ya bi cikinsa ba ya fita, sai inda aka zana ya karce fuskar, nan yake ɓullowa. Saƙar kaɗai ke haske, sauran kamar babu.

Ga wanda zai gwada: layi miƙaƙƙe a falle mai milimita 3 ka yi abinka a gida da wuƙa mai ƙugiya, ba ka bukatar kowa. Lanƙwasa mai faɗi ma zarto zai yi, in ka iya da zafinsa. Amma haruffa da dagi da duk abin da ke da lunguna da yawa, ka kai wa masu leza, kuɗin yankan bai kai na fallen da za ka ɓata ba. Kuma kafin ka bar shagon da ka saya, ka sa a rubuta maka sunan robar a rasit.